Dillalan da Ba a Ba Su La'ada: Marubutanmu da Ji-ta-ji-tar Kasuwar 'Yan Ƙwallo

 

Janairu ya kama, hunturu ya sauka, an kuma buɗe kasuwar 'yan ƙwallo ta tsakiyar kaka a Turai. Daga yanzu har ranar da za a rufe ta, duk wanda ya bi ta gidajen kallo da teburan masu shayi a Jega, ko bakin jami'a a Aliero, ko tashar mota a Maiyama, magana ɗaya zai riƙa ji: wane zai tafi, wane zai zo, an taya wane, wane ya yi yaji ya daina zuwa atisaye. Mu ba mu da faɗa da mai shayi da abokan hirarsa, domin hira ce, iska ke kwashe ta kafin gari ya waye. Faɗanmu da masu alƙalami ne, matasan da Allah ya ba su iya tsara Hausa, suka buɗe shafuka a Facebook da zauruka a WhatsApp, suka kira kansu marubutan wasanni, sannan suka mayar da aikinsu kwaso duk wata ji-ta-ji-ta da aka yar a Landan ko Madrid su juye wa Bahaushe ita a matsayin labari. Mu a wurinmu wannan dako ne, dakon ma na kayan da ba ka san mai su ba, kuma babu mai biyan ka.

Mu fara daga kasuwa, tunda sunan abin ke nan. Ɗan Aliero ba ya buƙatar a koya masa yadda magana ke motsa farashi. Manomi zai kawo buhunan albasarsa, dillali ya matso ya raɗa masa cewa motocin Kudu ba za su shigo da yawa ba wannan makon, gara ya sallama tun rana ba ta yi ba. Wannan dillalin dai shi zai juya ya gaya wa mai saye cewa wani Alhaji ya riga ya taya, in bai ƙara ba kaya za su wuce shi. Babu ɗaya daga cikin maganganun nan biyu da aka yi don a wayar wa wani da kai. Kayan aiki ne, kamar igiya da allurar ɗinkin buhu. Manomin da ya daɗe a harkar yana saurare, ya yi murmushi, ya ce albarka, in ta kama ya mayar da kayansa rudu ya jira tsada.

Haka kasuwar 'yan ƙwallo take, kuɗin ne kawai suka fi yawa. Wakilin ɗan wasa yana son a ƙara wa yaronsa albashi, sai ya kira ɗan jarida ya tsegunta masa cewa wata babbar ƙungiya tana zawarcinsa. Ƙungiya tana son rabuwa da ɗan wasan da ya yi mata nauyi, sai ta bari a ji cewa masu so uku ne, don mai son na gaskiya ya ƙara kuɗi. Shugaban da magoya baya suka taso gaba yana son a sarara masa, sai a wayi gari ana cewa yana neman wani gwarzo da shi kansa ya san ba shi da kuɗinsa. Jaridar da ta buga kuma ta samu masu shiga shafinta, masu talla su biya ta. Kowa a wannan layin yana da abin da zai ci. Ku gaya mana, shi marubucin da ya zauna a Jega ya ƙona datarsa ya fassara maganar, ya sa mata hoto, ya rubuta DA ƊUMI-ƊUMI da manyan baƙaƙe, ina la'adarsa? Ya yi wa dillalin da bai san da zamansa a duniya ba aiki kyauta, ya kuma biya da abu ɗaya da marubuci ya mallaka, wato amincin da mai karatu yake ba shi.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne yadda ake zaluntar harshen Hausa a cikin wannan dako. Hausa tana da ƙananan kalmomi da suke gaya wa mai sauraro nauyin maganar da ake faɗa masa. Akwai “wai”, akwai “an ce”, akwai “ana raɗe-raɗin”, akwai “a cewar wane”. Tsohuwa a tsakar gida ba ta rikita su. In ta ce wai an sa ranar auren 'yar wane, kowa ya san ji ta yi; in ta ce an sa rana, to ta ci goro. Sashen Hausa na BBC yana da shafin da yake tattaro irin waɗannan raɗe-raɗi na kasuwar 'yan ƙwallo, kuma a ƙarshen kowane zance yana ajiye sunan jaridar da ta faɗa, don mai karatu ya san inda aka jiyo. Mai kwafe sai ya zo ya ɗauki zancen, ya yanke sunan jaridar, ya jefar da “wai”, ya mayar da “tana sha'awar” ya koma “za ta saya”, na bayansa kuma ya mayar da “za ta saya” ya koma “ta saya”. Kafin labari ya bi hannu uku, ɗan wasan da yake kwance a gidansa an riga an sa masa rigar wata ƙungiya da kwamfuta.

Alhali ciniki hawa-hawa ne, kuma Bahaushe yana da sunan kowane mataki. Sha'awa daban, taya daban, sallamawa daban. Ƙungiya za ta iya tayawa a ce mata albarka. In ƙungiyoyin biyu sun daidaita, saura a daidaita da shi ɗan wasan kan albashi da tsawon kwantiragi, domin a ƙwallon ƙafa ba a sayar da mutum ba da yardarsa ba. Bayan nan akwai gwajin lafiya, akwai sa hannu, akwai rajista. In cinikin ya tsallaka ƙasa, dole ƙungiyoyin biyu su shigar da bayanai iri ɗaya a na'urar FIFA ta daidaita ciniki, wadda ta zama tilas tun Oktoban 2010, sannan hukumar ƙwallon ƙasar da ɗan wasan ya bari ta saki takardar izininsa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ciniki yana iya rushewa. Marubucin da ya dunƙule su duka a kalma ɗaya, shi ne wanda ya ga an kai kuɗin gaisuwa ya fita yana shelar an ɗaura aure.

Kada wani ya ce tsanani muke yi. A ranar 31 ga Janairu 2013, ɗan wasan Najeriya Peter Odemwingie ya tuƙo motarsa har Landan, ya tsaya a bakin filin QPR yana magana da 'yan jarida kamar wanda ya riga ya zama ɗan gida. Ashe ƙungiyarsa West Brom ba ta sallama ba. Ba a bar shi ya shiga ba, ya juya ya koma inda ya fito, ƙungiyarsa ta ci shi tara. Bayan shekara goma cif, ranar 31 ga Janairu 2023, Hakim Ziyech yana birnin Paris yana jiran ya zama ɗan PSG a matsayin aro daga Chelsea, amma takardun ba su isa daidai a kan lokaci ba, aka rufe kasuwa, ya dawo Landan. Waɗannan mutane biyu su ne hajar da ake ciniki, suna tsaye a bakin ƙofa, amma ba su san abin da zai faru da su ba. To kai da kake Maiyama da waya a hannu, wa ya ba ka tabbacin da su ba su samu ba?

Na Victor Osimhen ma bai yi nisa da za a manta ba. A ranar 30 ga Agusta 2024, daren rufe kasuwar bazara a Ingila, shafukan Hausa sun kai shi Chelsea, sun dawo da shi, sun kai shi Al-Ahli ta Saudiyya, sun sake dawo da shi. Gari ya waye yana Napoli. Cikin 'yan kwanaki ya tafi aro Galatasaray ta Turkiyya, ƙungiyar da masu “majiya mai tushe” ba su ambata ba a daren, kuma a 2025 ta saye shi a kan yuro miliyan 75. Shafi nawa kuka ga ya dawo ya goge abin da ya rubuta? Sun wuce zuwa na gaba kamar ba su ba. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma su furen ya ishe su, tunda shi ke kawo masu danna alamar so.

Za a ce mana ai nishaɗi ne, ba wanda aka cuta. Bari mu leƙa wani wasan da ba a yi a nan, don a ga abin da ji-ta-ji-ta take yi wa mutum. A Amurka akwai besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda. Su kasuwarsu ta tsakiyar kaka tana rufewa ne wajen ƙarshen Yuli, kuma tsarinsu ya fi na ƙwallon ƙafa tsauri, domin ƙungiya tana iya musayar ɗan wasa da wani ba tare da ta nemi yardarsa ba, sai in kwantiraginsa ya hana ko ya daɗe sosai a gasar. A ranar 29 ga Yuli 2015, wani matashi ɗan Benezuwela mai suna Wilmer Flores yana cikin wasa a ƙungiyar New York Mets, sai labari ya bazu a wayoyin 'yan kallo cewa an musanya shi zuwa Milwaukee. Tun yana ɗan shekara 16 yake tare da Mets. Daga bakin 'yan kallo ya ji, ya koma fili yana share hawaye, kyamarori suna haska shi. Bayan an tashi aka ce cinikin bai yiwu ba. Masu yaɗawa sun samu abin da suke so, shi kuma ya sha kukan da duniya ta kalla a kan abin da bai auku ba. A wannan wasan dai aka yi Curt Flood, wanda a 1969 ya ƙi yarda a musanya shi daga St. Louis zuwa Philadelphia, yana mai cewa shi ba dukiya ba ne da za a saya a sayar. Ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, ya faɗi a 1972, amma bayan shekara uku tsarin da ya yaƙa ya fara rushewa. Abin da muke so marubuci ya ɗauka a nan shi ne, a bayan kowane “an sayar da wane” akwai mutum mai iyali, mai kuɗin haya, mai yara a makaranta. Nan labari yake, kuma nan ne masu dako ba sa kallo.

Yanzu mu dawo gida, inda asarar ta fi girma. Duk lokacin da aka ɓata ana lissafin fam miliyan 50 da Chelsea ta biya kan Torres a Janairun 2011, ko miliyan 75 da Liverpool ta biya kan Van Dijk a Janairun 2018, lokaci ne da aka hana wani cinikin da ake yi a gaban idonmu. Kowa a yankin nan ya san gasannin kofi da ake sawa tsakanin unguwanni da garuruwa, musamman in siyasa ta matso. Kowa ya san 'yan haya. Ana fitar da ƙungiya a zagayen farko, sai ka ga gwaninta ya ɓullo a wasan kusa da na ƙarshe sanye da wata riga, wani lokacin da wani suna. A kai ƙorafi, kwamiti ya zauna, a soke wasa ko a ƙi sokewa, magoya baya su ba hammata iska, unguwanni biyu su yi wata ba sa ga-maciji. Wannan ita ce kasuwarmu ta tsakiyar kaka. Nawa ake ba yaron? Wa ke karɓa a madadinsa? Me ya rage wa kocin da ya raine shi tun yana buga ƙwallo ba takalmi? In ya karye a wasan haya aka kwashe shi zuwa wurin masu ɗori a Aliero, wa ke biya, kuma wa ke leƙa shi bayan sati biyu? Tambayoyi ne da mai biro da littafi zai samo amsarsu da yammacin rana ɗaya a bakin fili, amma ba mu ga an rubuta ba.

Sama da nan akwai gasar Firimiyar Najeriya mai ƙungiyoyi 20, wadda ita ma take buɗe kasuwa in an kai rabin kaka. Mafi yawan ƙungiyoyinta na gwamnatocin jihohi ne, kuma kukan rashin biyan albashi da kuɗin sa hannu tsohon kuka ne da duk mai bin gasar ya sani. Sau da yawa abin da ke tayar da ɗan wasa daga wata ƙungiya zuwa wata a tsakiyar kaka ke nan, yunwa ce, ba neman kofi ba. Matasanmu da suke mafarkin Kano Pillars ko Katsina United, ko su fara daga Kebbi United da Sokoto United, wa ya taɓa zaunar da su ya karanta musu abin da doka ta ba su da Hausa? Dokokin FIFA sun ce ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu yana da hurumin ya rubuta wa ƙungiya takarda ya ba ta kwana 15, in ba ta biya ba ya raba gari da ita ba tare da laifi ba. Sun ce a kaka ɗaya ana iya yi wa ɗan wasa rajista da ƙungiyoyi uku, amma biyu kawai zai buga wa. Sun ce wanda kwantiraginsa ya rage wata shida yana iya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya. Yaron da ya san waɗannan abubuwa uku ya fi ƙarfin a yi masa wasa da hankali. Shafi ɗaya da zai bayyana su dalla-dalla ya fi shekara guda ta “wane na dab da komawa wuri kaza” amfani.

Ga wata ma da ta shafi aljihun masu horar da yara a Jega da Maiyama kai tsaye. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A cinikin Osimhen na yuro miliyan 75, wannan kason ya kai yuro miliyan 3 da dubu 750. Shekaru huɗu na farko, daga 12 zuwa 15, in aka haɗa su suna ɗaukar kashi 1 cikin 100 na kuɗin cinikin. Ma'ana, a ce wata ƙaramar ƙungiya a Maiyama ta riƙe yaro waɗannan shekaru huɗu, daga baya aka sayar da shi a ƙetare kan yuro miliyan ɗaya kacal, tana da yuro dubu 10. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris da yake bin irin waɗannan haƙƙoƙi yana biya. Amma akwai sharaɗi: sai ƙungiyar tana da rajista da hukumar ƙwallo, kuma sunan yaron yana cikin kundinta na waɗannan shekaru. Wanda ya raini yaro da baki, ba takarda, ya yi wa wani noma. Kocinmu nawa suka san da wannan? Wa ya kamata ya gaya musu in ba mai alƙalami ba?

Sai mafi muni, wato 'yan damfarar da suke shigowa da sunan wakilai. Hajarsu ita ce wannan zazzaɓin da shafukan ji-ta-ji-ta suke hurawa dare da rana. Yaron da kullum yake karanta miliyoyi, yake ganin kamar Turai a bayan Argungu take, shi ne zai matsa wa mahaifinsa a sayar da gona ko shanun huɗa a biya kuɗin “gwaji” a wata ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da marubutanmu suna aikinsu, da kowane uba ya ji cewa dokar FIFA ta hana cinikin ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa ƙetare, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai da da wuya su shafi yaron Kebbi. Da ya ji cewa Ahmed Musa, bayan ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar, sai da ya jira ya cika shekara 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Osimhen ma sai a Janairun 2017, bayan ya cika 18, ya shiga Wolfsburg ta Jamus. Da ya ji cewa a 2021 FIFA ta hukunta ƙungiyar Spezia ta Italiya saboda shigo da yara 'yan Najeriya da ba su kai shekaru ba. Da ya ji cewa wakili na gaskiya yana da lasisin FIFA, sunansa yana cikin jerin da kowa zai iya dubawa a intanet. Duk wanda ya zo ya ce zai kai ɗan shekara 15 wata ƙungiya a Turai in an ba shi kuɗi, to ko dai bai san doka ba, ko ya san ta yana fatan ku ba ku sani ba.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don haka bari mu tare su tun kafin su iso.

Za a ce abin da mutane ke so ke nan, in ka rubuta labarin ƙwallon unguwa ba mai karantawa. Wa ya gwada? Mutum ya fi son ya ga sunansa da na ƙaninsa da na unguwarsu a rubuce fiye da komai. Labarin Mbappe kuwa shafi dubu ne suke ɗauke da shi, kuma duk sun riga ka. A wannan fagen kai ne na ƙarshe a layi har abada, domin Fabrizio Romano yana da lambobin wakilai da shugabannin ƙungiyoyi, kai kuwa shafinsa kawai kake da shi. Amma a filin makarantar firamare ta garinku, babu Baturen da zai riga ka. Muhammadu Bawa Ɗan Anace bai je neman 'yan damben wata ƙasa ba. Shago ya bi, ya tsaya a fage ya ga abin da ya gani, shi ya sa har yau wanda bai taɓa ganin Shago ba ya san sunansa. Gambu na Fagada, nan ƙasarmu, duniyar da ya sani ya waƙe, ko kana son batun ko ba ka so, aka kuma yi ta nazarinsa a jami'o'i. Da ɗan gari akan ci gari.

Za a ce ba mu da kayan aiki, ba mu da kuɗin mota, ba jaridar da ta ɗauke mu. Gaskiya ne, yawancinmu difloma ce a hannu da neman abin yi. Amma daga Aliero zuwa Jega, ko daga Jega zuwa Maiyama, kuɗin motar bai kai na datar da ake ƙonawa a wata guda ana jiran sanarwar da ba ta zuwa ba. Wayar da ake kwafe da ita tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoto. Abin da ya rage shi ne a iya sallama, a iya tambaya, a iya yin shiru a saurara, sannan a ji ta bakin ɗaya ɓangaren kafin a rubuta. Waɗannan ba a sayen su a kasuwa.

Za a kuma ce, to yanzu haramta mana labarin Turai kuke yi? A'a. Mu ma muna kallo, kowannenmu da ƙungiyarsa, kuma akwai rubutu mai kyau a cikin kasuwar Janairu ga wanda zai yi tunani. Ɗauki Ahmed Musa. Leicester ta saye shi a 2016, ya zauna a benci, a Janairun 2018 ya koma aro CSKA Moscow inda ya saba, ya dawo da ƙafarsa, a watan Yuni ya ci Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya. Wannan labari ne mai farko da tsakiya da ƙarshe, mai darasi ga duk yaron da yake ganin girman ƙungiya ya fi samun damar buga wasa. Ko Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, maƙwabcinmu, wanda ya tashi daga Kano Pillars ya bi ta Kuwait da Fotugal da Cyprus da Turkiyya, ya ciyo tagulla a wasannin Olamfik na 2016. Me mutum ke gani a irin wannan yawo? Yaya ake azumi a ƙasar da ba ka jin yarenta? Wa ya nemi ya zauna da irinsu ya rubuta mana da Hausar da za ta zauna a tarihi? Bambancin da muke nunawa tsakanin mai nazari ne da mai amsa kuwwa.

Saboda haka ga abin da muke kira a kai, kuma muna so a riƙe mu da shi kamar yadda za mu riƙe kowa. Na farko, duk wanda zai kawo labarin ciniki a wannan zaure ko a shafinsa, ya faɗi wanda ya faɗa, ya kuma faɗi matakin da aka kai: sha'awa ce, tayi ne, ko an sa hannu. Kalmar “ta saya” a ajiye ta sai ƙungiya ta sanar da bakinta. Na biyu, a mayar wa “wai” da haƙƙinta. Ba rauni ba ne marubuci ya ce wai. Rauni shi ne ya rantse a kan abin da bai gani ba. Na uku, labarin da ya tashi a banza a dawo a gaya wa masu karatu cewa bai tabbata ba, a wurin da aka buga shi, da baƙaƙe masu girman na farko. Na huɗu, kafin a rufe kasuwar nan ta Janairu, kowane mai sha'awar rubutun wasanni a cikinmu ya je fili ɗaya a garinsu, ya zauna da koci ɗaya ko ɗan wasa ɗaya da ya taɓa sauya ƙungiya, ya nemi izininsa, ya rubuto mana yadda aka yi cinikin daga taya har sallamawa. Wanda ya fi ƙarfi a ƙagaggen labari, ga jigo nan a zube: uban da ya sayar da gona, ɗan hayar da ya karye, kocin da aka ɗauke wa yaro da dare. Shekara nawa muna rubuta soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, alhali ga wannan a ƙofar gida?

Mai neman zama marubuci ya sani cewa hannu yana sabawa da abin da aka saba masa. Wanda ya koyi jefar da “wai” a labarin ƙwallo, gobe zai jefar da ita a labarin rikicin manoma da makiyaya, ko na zaɓe, ko na mutuncin 'yar wani, inda kuskure ɗaya ke iya cin rai. Shi ya sa ba mu ɗauki wannan magana da wasa ba, duk da cewa a kan wasa ake yin ta. Fagen wasanni makaranta ce mai sauƙin kuɗi: a nan ake koyon tantance ji da gani tun kafin a kai inda ba a gyara ɓarna.

Masu shafukan da wannan magana ta taɓa, ƙofa a buɗe take, ku zo ku kare kanku a ƙasan wannan rubutu, da hujja ba da zagi ba. Ku kawo mana labarai goma na ƙarshe da kuka sa wa DA ƊUMI-ƊUMI, mu ƙirga tare mu ga nawa suka tabbata. Sauran 'yan uwa kuma muna jiran rubutunku daga filayen Jega da Aliero da Maiyama da duk inda kuke.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa, in mai dukka ya kai mu.